Kafin Ka Sayi Tsohon Babur, Karanta Lambar Da Ke Jikin Ƙarfensa

Duk wanda ya taɓa yin sammako a kan hanyar da ta taso daga unguwar Chaza zuwa cikin garin Suleja zai yarda cewa babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai ma'aikaci bakin titi inda zai sami motar Abuja, shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko buhun masara daga gona, a kansa kuma magidanta da yawa suke samun abin da za su shiga da shi gida da maraice. Yawancin baburan da ke bin wannan hanya na yayin yanzu ne, watau 'yan Indiya da 'yan ƙasar Sin, irin su Bajaj da Jincheng. Amma tsofaffin baburan nan na shekarun 1970 da 1980 ba su ƙare ba. Suna nan a zaurukan gidaje da rumfunan kanikawa, waɗansu suna aiki, waɗansu an jingine su ƙura ta rufe.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wani yana neman tsohuwar Honda saboda ƙarfin ƙarfenta, wani yana neman Vespa domin irinta mahaifinsa ya hau, wani kuma yana saye ne ya gyara ya sayar wa masu sha'awar tara kayan tarihi. To, duk inda masu saye suka yawaita, macuta ba sa nisa. Haɗari iri biyu ke jiran mai sayen tsohon babur. Na farko, ya sayi na sata. Na biyu, ya sayi haɗe-haɗe, watau gangar jiki daga nan, inji daga can, a shafe da fenti a ce masa na asali ne. Abin da zai tsare shi daga duka biyun abu ɗaya ne: lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen babur ɗin tun ranar da aka ƙera shi.

Yadda Baburan Suka Zo

Yana da kyau mai karatu ya san tarihin waɗannan babura, domin tarihin ne zai bayyana masa abin da ya sa lambobinsu suka rikice. A farkon shekarar 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da aka fi sani da Udoji, haɗe da ariyas. Malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti da dama, waɗanda a da keke suke hawa, sai suka koma kan babur. Honda CD175 da Benly da Roadmaster, da Yamaha da Suzuki masu inji 100, da Vespa, suka cika titunan Kano da Kaduna da Zariya da Minna. A shekarar 1975 ɗin nan ce kuma kamfanin Honda ya fito da CG125, wanda ya tsara musamman domin ƙasashen da hanyoyinsu ke da wuya. Kasuwa ta yi kyau har aka riƙa harhaɗa babura a cikin ƙasar nan: kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki a Ikko, Yamaco na John Holt yana haɗa Yamaha, Honda kuma ya kafa kamfaninsa na Nijeriya a 1979, da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun.

A daidai wannan lokaci ne al'amuran Suleja suka sauya. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya. Garin da aka sani da Abuja tun zamanin Sarki Abu Ja ya bar wa sabon birnin sunansa, ya ɗauki sunan Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan ne hukumar gina birnin ta fara kafa sansaninta, ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa, kowa da abin hawansa.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, sabon babur ya gagari talaka. Sai aka koma ga gyaran na hannu. Injin da ya buga a cire shi a ɗora wani, gangar jikin da ta karye a yi mata walda ko a musanya ta da wata daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Daga baya injinan ƙasar Sin masu araha suka shigo, da yawansu kuwa an kwaikwayi tsarin Honda ne wajen ƙera su, saboda haka sukan zauna daram a jikin tsohuwar Honda. Babur ɗin da ya shekara 40 ko 50 a ƙasar nan, da wuya a ce bai bi ta hannun mutum biyar ko goma ba.

Bugu da ƙari, wurin da Suleja take ya sa dole a yi hattara. Tana maƙwabtaka da yankin birnin tarayya ta wajen Madalla da Zuba, iyakar Jihar Kaduna kuma ba ta da nisa. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja cikin watan Oktoba, 2006, masu wannan sana'a da yawa suka koma garuruwan kewaye. Babur ɗin da aka sace da asuba a wata jiha yana iya kwana a wata jihar, a ƙarƙashin wani ofishin 'yan sanda da bai san da maganarsa ba.

Lamba Iri Uku

Kowane babur yana da lamba iri uku. Akwai lambar rajista, wadda ake ɗaurawa a baya, kamar mai ɗauke da haruffan SUL da ke nuna an yi rajistar a ƙaramar hukumar Suleja. Wannan ƙusa biyu ke riƙe da ita, yaro ma yana iya kwance ta cikin minti ɗaya. Akwai lambar shasi, wadda aka buga a gangar jikin babur, abin da kanikawa ke kira firam. Sa'an nan akwai lambar inji, wadda aka buga a jikin kaskon inji. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne shaidar babur ta gaskiya, kamar yadda makiyaya ke gane dabbarsu da shaidar da aka yi mata a kunne ko a cinya ko da ta shiga garken wani.

A yawancin baburan Japan ana samun lambar shasi a wuyan babur, watau bututun nan da ke riƙe da kan babur da ƙafar gaba. In an juya kan gefe ɗaya za a gan ta a tsaye. A ƙananan Honda irin su C50 da C70 kuwa, tana gefen hagu na gangar jiki, ƙasa da sirdi. Lambar inji galibi tana gefen hagu daga ƙasa, kusa da abin sa giya, ko kuma a saman kaskon inji. A Vespa sai an cire murfin gefe kafin a ga ta shasi, ta inji kuma tana kan hannun injin da ya haɗu da gangar jiki. Waɗansu babura suna da ƙaramin faranti ko takarda mai manne da ke ɗauke da lambar. Wannan ƙari ne kawai. Kada mai saye ya yarda a nuna masa faranti a madadin lambar da aka buga a ƙarfe, domin faranti ana cire shi a maƙala wa wani babur.

Kowane Kamfani Da Tsarinsa

Akwai wata magana da ke yawo a bakin dillalai, wai dole ne lambar inji ta zama daidai da ta shasi, in ba haka ba babur ɗin na sata ne. Wannan magana gaskiya ce ga waɗansu kamfanoni, ga waɗansu kuma kuskure ce, rashin sanin bambancin kuwa ya sa an cuci masu saye, an kuma ɓata wa masu gaskiya suna.

A tsofaffin Honda, lambar shasi tana farawa da sunan samfurin, sa'an nan ɗan layi, sa'an nan alƙaluma bakwai. Lambar inji tana da irin wannan tsari, sai dai an ƙara harafin E bayan sunan samfurin. Misali, shasin da ya fara da CD175 injinsa zai fara da CD175E, na C70 kuma C70E. Alƙaluman da ke biye ba sa zama ɗaya, sai dai sukan yi kusa da juna, domin inji da gangar jiki ba a layi ɗaya ake ƙera su ba. Saboda haka in mutum ya ga tsohuwar Honda wadda lambobinta biyu suka dace tun daga farko har ƙarshe, wannan dacewar ita ce abin tuhuma. Suzuki da Kawasaki ma lambobinsu biyu ba sa zama ɗaya. Amma Yamaha na shekarun 1960 da 1970 galibi lamba ɗaya ce a inji da shasi, haka kuma tsofaffin BMW na Jamus.

Baburan Ingila, waɗanda suka riga na Japan zuwa ƙasar nan, suna da nasu tsarin. Kamfanin Triumph ya riƙa buga lamba ɗaya a inji da shasi tun daga 1950. Daga 1969 kuma ya ƙara wata dabara: wurin da ake buga lambar inji an mamaye shi da ƙananan tambarin kamfanin, ta yadda duk wanda ya goge lambar dole ya goge tambarin tare da ita, asirinsa ya tonu.

Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, tana da 'yan haruffa da alƙaluma a gaban lambarta. Harafin ƙarshe T ne a shasi, M kuma a inji. Vespa Super mai inji 150 tana farawa da VBC1T a shasi, Sprint da VLB1T, PX 150 kuma da VLX1T. Ana buga ƙaramin tauraro a farko da ƙarshen alƙaluman, domin kada wani ya ƙara ko ɗaya. Lambar inji da ta shasi ba sa dacewa. A nan akwai wani abin lura. Kamfanin Bajaj na Indiya ya ƙera Vespa da izinin Piaggio daga 1960 zuwa 1971, daga baya ya ci gaba da irin wannan tsari da sunan Chetak, kamfanin LML ma ya ƙera mai kama da PX. Baburan nan masu kyau ne, amma ba 'yan Italiya ba ne, kuɗinsu ba ɗaya ba. Tambarin gaba ana sayensa a kasuwa a liƙa, lambar ƙarfe ita ke faɗin asali. Masu tara Vespa a Turai da Amurka sun sha wannan darasi cikin shekarun 2000, sa'ad da aka riƙa aika musu da tsofaffin Vespa daga Biyetnam, masu ƙyalli a ido, alhali gangar jiki biyu ko uku aka yanka aka haɗe da walda.

Injinan ƙasar Sin kuwa ba su da wuyar ganewa ga wanda ya san alamarsu. Lambarsu takan fara da rubutu irin su 156FMI ko 157FMI ga mai inji 125, 162FMJ ga mai 150, 147FMD ga mai 70. In aka kawo maka CG125 aka ce ɗan Japan ne tsantsa, ka duƙa ka ga 157FMI a jikin inji, to ka san injin baƙo ne, ko da an rufe shi da murfi mai ɗauke da sunan Honda.

Lamba Mai Gurbi 17

Daga 1981 ƙasar Amurka ta wajabta lamba mai gurbi 17, haɗe da haruffa da alƙaluma, ga ababen hawan da ake sayarwa a can, sannu a hankali tsarin ya bazu a duniya. Yawancin baburan da ake shigowa da su sababbi yanzu da shi suke zuwa. A wannan tsari ba a amfani da haruffan I da O da Q, saboda kada a rikita su da 1 da 0. Duk lamba mai gurbi 17 da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu, akwai magana a kanta. Gurbi uku na farko suna nuna ƙasa da kamfani: J ta Japan ce, L ta ƙasar Sin. JH2 Honda ne, JYA Yamaha, JS1 Suzuki, MD2 Bajaj, ZAP kuma Piaggio. A wajen kamfanoni da yawa gurbi na goma shi ke nuna shekara: B ita ce 1981, Y ita ce 2000, alƙaluma 1 zuwa 9 suna tsayawa a madadin 2001 zuwa 2009, daga 2010 aka sake komawa kan A.

Amfanin sanin wannan a fili yake. Babur ɗin da aka ce na 1975 ne, aka ga lamba mai gurbi 17 a wuyansa, gangar jikin ba ta 1975 ba ce. Sai dai a kula, gajeriyar lamba ba ita ke tabbatar da tsufa ba, domin baburan da aka ƙera don kasuwar cikin Japan sun ci gaba da zuwa da gajeriyar lamba, irinsu kuwa suna shigowa cikin kayan Kwatano.

Yadda Ake Dubawa

Kada a yi cinikin biri a sama, kada kuma a duba babur da almuru ko cikin ɗaki mai duhu. A fito da shi fili da rana. Kayan aikin ba su da tsada: tsumma, ɗan kananzir, tocila, ƙaramin maganaɗisu, fensir da farar takarda. A goge wurin lambar da tsumma da kananzir har datti da baƙin mai su fita. Kada a sa samfefa ko wuƙa, domin su da kansu suna ɓata shaida.

Da farko a dubi filin da lambar take kai kafin a dubi lambar. Kaskon inji na alminiyam yana da ɗan kaushi irin na zubi. In kewaye yana da kaushi amma wurin lambar ya yi sumul kamar madubi, ko ya nuna layukan magagari, ko ya lotsa ya fi kewayensa zurfi, to an ci ƙarfen. A haska tocila daga gefe, hasken yana kwance a kan ƙarfen, inuwa za ta nuna duk wani kwari da ido bai gani ba. A shafa da ɗan yatsa kuma, domin sau da yawa yatsa yakan ji abin da ya ɓace wa ido.

Sa'an nan a dubi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Tsawonsu da faɗinsu da zurfinsu da tazarar da ke tsakaninsu ya kamata su yi daidai. In alƙalami ɗaya ya fito sau biyu a cikin lambar, a gwada su: 3 da ke farko ya kamata ta yi kama da 3 da ke ƙarshe, domin ƙarfe ɗaya ya buga su. Macuta sun fi son ƙaramin gyara da ba ya ɗaukar lokaci, su mai da 3 ta zama 8, ko 1 ta zama 4 ko 7, ko 5 ta zama 6. Irin wannan alƙalami yakan fi sauran kauri ko zurfi, wani lokaci a ga inuwar tsohon a ƙarƙashinsa. Baburan Japan lambarsu takan tafi a miƙe cikin tsari. Tsofaffin na Ingila kuwa da hannu aka buga su, ɗan karkacewa a wajensu ba aibu ba ne. Abin da ya fi shi ne a sami wani babur irinsa, na shekaru kusa da nasa, wanda aka san asalinsa, a jera su a gwada siffar alƙaluman. Gani ya kori ji.

Akwai waɗanda ba sa taɓa alƙaluman ko kaɗan. Sukan yanke wuyan wani mataccen babur mai takardu, ko ɗan ɓangaren da ke da lambar, su liƙa wa na sata da walda, su shafe da foti su fesa fenti. Saboda haka a dubi waldar da ke kewaye da wuya. Ta kamfani takan tafi bai ɗaya, ta bakin titi kuwa takan yi tudu da kwari da ɗige-ɗige. A leƙa ta ƙarƙashin tanki, inda mai fenti bai cika damuwa da shi ba. A bi wurin da maganaɗisu: inda ƙarfe ne zalla zai kama da ƙarfi, inda aka cika foti zai yi sako-sako. Wannan gwaji na gangar jiki ne kaɗai, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyam ɗin inji. Sabon fenti a wuya kaɗai, alhali sauran jiki ya koɗe, shi ma abin tambaya ne.

Daga ƙarshe a ɗora takarda a kan kowace lamba a goga fensir a hankali har siffarta ta fito, a kuma ɗauki hotonta da waya. Wanda bai saba ba, ya tafi da tsohon bakanike wanda ya yi aiki a kan irin waɗannan babura tun suna sababbi, ya kuma zama shi mai saye ne ya zaɓo shi, ba mai sayarwa ko dillali ba.

Ƙarfe Ba Ya Mantuwa

Mai goge lamba yana tsammanin ya gama da ita, amma ba haka abin yake ba. Sa'ad da aka buga alƙalami a ƙarfe, ƙarfin bugun yana danne ƙarfen da ke ƙasa fiye da zurfin da ido ke gani. Ko an goge saman, wannan dannewar tana nan. Masu binciken kimiyya na 'yan sanda a ƙasashe da dama sukan goge wurin ya yi santsi, su shafa wani haɗin ruwan asid, wanda ke cin ƙarfen da aka danne da saurin da ya bambanta da na kewayensa, sai tsohuwar lambar ta bayyana na ɗan lokaci a ɗauki hotonta. Wannan aikin ƙwararru ne, ba abin gwadawa a gida ba. Mun kawo shi ne domin mai saye ya sani cewa babur mai gogaggiyar lamba yana iya tona asiri bayan shekaru, a lokacin kuwa a hannunsa za a same shi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Takardu Da Shaidu

Bayan an gamsu da ƙarfe, sai a koma ga takardu: rasit ɗin saye, lasin, takardar shaidar mallaka, inshora, da takardar kwastan in daga waje aka shigo da shi. Mutum ɗaya ya riƙa karanta lambar daga jikin babur, wani yana bi a takarda, harafi bayan harafi. A lura da kankara ko gyara a rubutun. In sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, sai ya nuna yarjejeniyar da ta kawo babur ɗin hannunsa. In ya ce takardu sun ɓace, wanda abu ne mai yiwuwa ga babur mai shekara 40, to ya kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu da sunansa, kafin a biya kuɗi.

Kamata ya yi a tafi tare da mai sayarwa ofishin lasin, ko wajen jami'an VIO, a tabbatar lambar rajistar ta wannan shasin ce. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da shafin intanet da ake duba lambar rajista, rundunar 'yan sanda kuma ta mai da rajistarta ta ababen hawa kan kwamfuta cikin watan Disamba, 2022. Sai dai babur ɗin da aka yi wa rajista tun zamanin manyan littattafai ba lalle ne a same shi a kwamfuta ba, saboda haka rashin ganin sunansa cikin na sata bai isa hujja ba. Mai gaskiya ba ya gudun zuwa ofishin 'yan sanda. Wanda ya fara kawo uzuri, ko ya karya kuɗi farat ɗaya domin a gama yanzu-yanzu, a bar masa kayansa. Araha ba ta ado.

Iyayenmu a kasuwar dabbobi ba sa sayen saniya daga baƙon da ba shi da fatoma ko dillalin da zai tsaya masa. Wannan ƙa'ida tana nan da amfaninta. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da ta rajista, da kuɗin da aka biya, da sunan mai sayarwa da lambar katinsa na ɗan ƙasa. Shaidu biyu sanannu su sa hannu, in da hali a yi a gaban mai unguwa. Bayan haka a hanzarta sauya sunan mallaka a ofishin lasin.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar Final Kod, wadda aka fara aiki da ita a Arewa a 1960, ta tanadi a sashe na 317 cewa wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su da rashin gaskiya, yana sane ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne, ana iya ɗaure shi har shekara 14, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyu. A lura da wannan magana ta dalilin ganewa. Lambar da aka kankare a fili, da kuɗin da bai kai rabin kima ba, da rashin takarda, duk abubuwa ne da mai gabatar da ƙara zai ɗora a gaban alƙali. Ko da kuma kotu ta wanke mai saye, babur ɗin yakan koma ga mai shi. Littattafan fiƙihun Malikiyya ma, a babin istihƙaƙi, haka suka nuna: wanda ya tabbatar da kayansa ne zai karɓe su, mai saye ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. In mai sayarwar baƙo ne da ba a san gidansa ba, shi ke nan, ba babur ba kuɗi.

Ba Kowane Saɓani Ne Sata Ba

Duk da haka, a yi adalci. Kamar yadda muka nuna a baya, dubban babura an sauya musu inji ne saboda larura, tsatsa kuma tana cin lamba ba tare da hannun kowa ba. Dattijon da ya ɗora wa Hondarsa injin ƙasar Sin domin ya ci gaba da zuwa gona bai yi laifi ba. Abin da ake bukata shi ne ya faɗi gaskiya, ya nuna rasit ɗin injin in yana da shi, a rubuta sabuwar lambar a takardu, a kuma yi ciniki bisa kimar babur mai baƙon inji. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Cuta tana shigowa ne inda aka ɓoye.

Masu irin waɗannan babura ma akwai abin da ya rataya a wuyansu. Kowa ya rubuta lambobin babur ɗinsa ya ajiye a gida tare da hotonsu, domin ran da aka sace, tambayar farko da za a yi masa a ofishin 'yan sanda ke nan. In za a kai fenti, a gargaɗi mai fenti kada ya sa injin guga a kan lambar, kada kuma ya binne ta da foti. In tsatsa ta fara cinta, kada mutum ya sayo ƙarafan buga lamba ya sabunta ta da kansa, ko da niyyarsa mai kyau ce, domin ya mai da babur ɗinsa na halal abin tuhuma ke nan. Ya kai maganar ga hukuma a rubuta.

Muna kira ga shugabannin dillalan babura da na kanikawa a Chaza da Kwamba da Madalla da sauran unguwannin Suleja, su ajiye littafi da za a riƙa rubuta lambar shasi da ta inji ta duk babur ɗin da aka sayar ko aka sauya wa inji ta hannunsu, da sunan wanda ya kawo shi. Littafi ɗaya da alƙalami ba su kai kuɗin litar mai biyu ba, amma za su tsare mutuncin masu sana'ar, su kuma rufe wa ɓarayi ƙofar da suka fi dogara da ita, watau mai saye da ya dubi ƙyallin tanki bai duƙa ya dubi wuya ba.